Tulun Inna Gwamma

Zakara bai gama gyaran murya ba
a-kori-kurar Filibus ta shigo tana tari,
ɗauke da lasifika biyu, janareto ɗaya,
da 'yan kwayar Tudun Wada a tsaitsaye,
kowa ya dafa kafaɗar na gabansa.

Agusta ne. Gero ya yi bununi.
Hanyar Gani ta zama kunu,
mata suka tuɓe takalma suka ɗora a ka,
suka iso filin majami'a da ƙafafu jajaye,
zani iri ɗaya, ɗaurin kallabi iri-iri.

Ni aikina man janareto.
Galan huɗu aka damƙa mini, da gargaɗi.
Na zauna bayan rumfa ina shan hayaƙi,
waƙa tana zuwa mini rabi-rabi
kamar hirar maƙwabta ta kan danga.

'Yan Rogo suka hau da jita da fiyano,
wani yaro mai askin birni
ya daki ganguna har kajin Fasto suka bar gida.
Dattijo Ranau ya toshe kunne ɗaya da yatsa,
amma na ga babban yatsan ƙafarsa
yana rawa a ɓoye cikin taɓo.

Malam Sa'idu mai shayi ya kafa tebur ƙarƙashin ɗorawa,
yana zuba wa kowa, yana gyaɗa kai.
Da ladan ya kira azahar a tsallaken rafi
Fasto ya ɗaga hannu, aka rage murya.
Shi kuma ya bar mini tukunyarsa da cinikinsa,
ya ce, Barnaba, kar ka sha riba.

An ci dambu da zogale a faranti ɗaya,
an yi gardama kan kuɗin taki.
Wata ta nemi ɗanta, aka same shi
yana barci cikin kwalin lasifika.

Sai gabas ta haɗe rai.
Iska ta ɗage tamfol, ta kwashe takardun waƙa
ta raba wa gonar Nomau.
Ɗigon farko, janareto ya yi atishawa.
Na ja igiya, na ja, na ja har tafina ya yi ƙanta.
Shiru.
Mutum ɗari biyar suka juyo suna kallona
kamar ni na kira hadarin.

Muka cusu cikin majami'a, ba wurin sa ƙafa,
kwano yana ruri a kanmu.
Nan ne, a lungu, bayan bencin ƙarshe,
tulun Inna yake zaune tun bazara,
tun ranar da muka kai ta makwanci.
Ba wanda ya taɓa shi. Gizo-gizo ya yi masa marfi.

Tabita, 'yar ƙanwata, shekara goma sha biyu,
ta share bakinsa da gefen zani,
ta sa shi tsakanin gwiwoyi,
ta ɗauki guntun soson nan da ya ci hannun Inna.

Dum.

Ban san ta iya ba. Ba wanda ya koya mata,
sai zama kusa da ƙafar tsohuwa kowace Laraba.

Dum, dum.

Zumuntar Mata suka kama, kacau-kacau ya bi baya,
'yan birni suka ajiye jita suka ba da tafi.
Ruwa a sama, tulu a ƙasa,
sunan Yesu yana kai da kawo a tsakani.
Na buɗe baki in bi amshi,
abin da ya fito ba murya ba ne.

Da magariba aka ɗauke.
Muka tura motar Filibus har bakin kwalta,
taɓo har gwiwa, ana dariya.
Na mayar wa ma'aji galan biyu da rabi,
na ƙirga wa Malam Sa'idu kuɗinsa, ya ce sun yi yawa.

Tabita ta wuce gaba, tulun a kanta bisa gammo,
tana takawa a hankali
kamar an cika shi da ruwa.